An faɗa min ƙarshen shirin kafin in kalla, shi ke nan an kashe min shi?

Tambaya: Malam, akwai wani shiri mai dogon zango da nake bi tun farkon zangon nan, ban taɓa tsallake mako ba. Ranar da aka saki kashin ƙarshe ina wurin aikin dare, na ce sai na koma gida na huta in kalla a nutse. Da safe ina buɗe WhatsApp sai ga hoton jarumin a kwance an lulluɓe shi, ƙanwar mijina ta ɗora, ta rubuta a ƙasa wai "Allah sarki, ashe haka za ka ƙare." Da na yi mata magana sai ta ce ai har bincike Turawa sun yi, sanin ƙarshen labari ƙara masa daɗi yake yi. Da gaske ne? Ni dai har yau na kasa kallon kashin. Kuma yaya mutum zai kare kansa daga irin wannan?

Amsa: 'Yar'uwa, ƙanwar mijinki ba ƙarya ta yi ba, binciken akwai shi. Sai dai ta ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Aikina koyar da rubutun fim ne, kuma wannan binciken yana cikin abubuwan da ɗalibai suka fi son kawo min a matsayin hujja, yawancinsu kanun labarin kawai suka gani.

Ga yadda aka yi shi. A shekarar 2011 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld, suka ba ɗalibai sama da 800 gajerun labarai su karanta, daga cikin guda 12 da suka zaɓo. Labaran iri uku ne: masu juyin ba-zata a ƙarshe, na binciken wanda ya yi kisa, da na adabi zalla waɗanda ba su dogara da wani sirri ba. Wasu ɗaliban an ba su labarin yadda yake, wasu kuma an fara ba su ɗan sakin layi da ya fasa ƙwai kafin su shiga karatun. Da aka gama kowa ya ba da maki daga 1 zuwa 10. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne waɗanda aka faɗa wa ƙarshen sun fi ba da maki mai yawa, har a labaran ba-zatan. Bayanin da masu binciken suka kawo daga baya, a 2013, shi ne idan mutum ya san inda aka dosa ƙwaƙwalwarsa ba ta shan wahala wajen bin labarin, abin da kuwa ya zo wa ƙwaƙwalwa da sauƙi takan ji daɗinsa.

Duk wanda ya taɓa yi wa yara tatsuniya ba zai musa wannan ba. Yaro ya san sarai yadda Gizo zai ƙare, ya ji ta har ya haddace, amma gobe ita zai ce a sake, idan ma kika canja wani wuri shi zai gyara miki.

To amma a duba abin da aka auna. Tazarar makin tsakanin ɓangarorin biyu ba ta kai maki ɗaya ba. Labaran kuma gajeru ne, na zama ɗaya, a kan mutanen da mai karatu bai taɓa saninsu ba sai a lokacin, kuma an ba shi ne a matsayin aiki. Babu ko ɗaya a cikin ɗaliban nan da ya yi watanni yana jiran ranar sakin shiri, yana gardama da ƙawaye a kan wa zai auri wa, yana kwana da haushin wata muguwar uwar miji da ba ta wanzu ba. A 2015 wasu masanan, Benjamin Johnson da Judith Rosenbaum, suka yi nasu gwajin suka samu akasin haka: labarin da ba a tona ba ya fi sa zullumi, ya fi taɓa zuciya, an fi jin daɗinsa. Da suka ci gaba da bin lamarin sai suka ga ya danganta da irin mutumin. Wanda ba ya son dogon nazari yakan gwammace a faɗa masa tun farko ya huta, wanda kuma yake kallo don zuciyarsa ta motsa ya fi morewa idan an bar shi ya gani da idonsa. Saboda haka maganar ba ta zauna a gefe ɗaya ba har a tsakanin masanan. Ko da ta zauna ma, matsakaicin makin mutum ɗari takwas ba ya gaya wa kowa yadda ke za ki ji. Akwai masu buɗe shafin ƙarshe na littafi kafin su fara, ba laifi, su suka zaɓa. Ke ba a ba ki zaɓi ba.

Domin ki gane ainihin abin da aka ɗauke miki da abin da ya rage, bari in kawo misalin da daraktan nan ɗan Ingila, Alfred Hitchcock, ya ba takwaransa ɗan Faransa, François Truffaut, a doguwar hirar da suka yi a 1962. Ya ce a ɗauka mutum biyu suna zaune suna hira, sai kwatsam bam ya tashi daga ƙarƙashin teburinsu. Mai kallo zai razana na daƙiƙa 15. Amma da an nuna wa mai kallo bam ɗin tun farko, an nuna masa agogo da lokacin da zai tashi, to hirar banzan da mutanen nan ke yi sai ta zama abin da ba a iya ɗauke kai daga gare ta, ana ji kamar a shiga cikin akwatin a ce musu su tashi. Nan an samu minti 15 na zaman ɗar-ɗar. Abin da mai fasa ƙwai yake yi ke nan ba da saninsa ba: ya raba ki da razanar, ya bar ki da zullumin. Za ki kalli jarumin nan yana dariya, yana shirin abin da zai yi gobe, ke kuwa kin san ba shi da goben. Wannan ma daɗi ne, wani lokacin har ya fi na farkon zurfi, kuma ina jin shi ɗaliban San Diego suka ɗanɗana.

Inda hujjar ƙanwar mijinki ta karye shi ne da an ƙyale ki duka biyun za ki samu. Kallo na farko cikin rashin sani, na biyu cikin sani. Na biyun yana nan kullum, ko bayan shekara goma kika so shi za ki same shi. Na farkon sau ɗaya ake yinsa, kuma shi aka ɗauke. Shi ya sa haushin da kika ji ba shagwaɓa ba ce. Hitchcock ɗin da ya fifita zullumi a kan ba-zata, shi ne a 1960 ya sa gidajen silima suka hana kowa shiga kallon fim ɗinsa Psycho idan an riga an fara, ya kuma roƙi jama'a kada su faɗi ƙarshensa. A Landan akwai wasan daɓe na Agatha Christie, The Mousetrap, da aka fara tun 1952, har yau idan an tashi sai an roƙi 'yan kallo su riƙe sirrin wanda ya yi kisan. Masu sana'ar sun san darajar abin.

Kashin ƙarshe na zango ya fi kowane kashi rauni a nan, saboda yadda ake gina shi. Marubuci yakan yi shuka tun kashi na biyu ko na uku: wata wasiƙa da aka ajiye a durowa, wani tari da jarumi ya yi aka wuce, wata kalma da mai aiki ta ji ta bayan labule. Yana kuma shuka na bogi don ya karkatar da hankali. Duk makonnin da kike hasashe kina gardama, wasa ne tsakaninki da marubucin, kashin ƙarshe ne ranar da za a ga wa ya ci. Wanda ya faɗa miki amsa ya tashi wasan ne ana tsaka da shi.

Duk da haka ki kalla, kuma kada ki ƙara jinkiri. Ina da dalilai. Shirin da jimla ɗaya za ta iya kashe shi gaba ɗaya, dama can rubutunsa ba shi da ƙwari. "Wane ya mutu" labari ne da ake faɗa cikin numfashi ɗaya. Yadda ya mutu, wa ke wurin, me ya faɗa, wa ya yi shiru alhali ya kamata ya yi magana, yadda aka ɗauki fuskar matarsa, duk wannan hoto ɗaya ba ya ɗauke shi. Gani ya kori ji. Ki tuna masu bin shirin nan na Turkiyya a kan Ertuğrul, wanda tashar TRT ta nuna daga 2014 zuwa 2019: duk wanda ya san ɗan tarihi ya san ɗansa Usman ne zai kafa daular Usmaniyya, ya san ba za a kashe jarumin a zango na biyu ba komai yawan takubban da suka kewaye shi, amma hakan bai hana mutane bin zango biyar ba.

Sannan hoton mutum a lulluɓe ba takardar shaidar mutuwa ba ce a duniyar shirye-shirye. Ban san shirin da kike bi ba, don haka ba alkawari nake miki ba, amma marubuta sun saba da mutuwar ƙarya, da mafarki, da gawar da ba a nuna fuskarta ba. Wani shirin Amurka mai suna Dallas ya kashe ɗaya daga cikin manyan jarumansa, Bobby Ewing, a 1985, aka yi zango guda cur babu shi, sai a 1986 aka nuno shi da ransa yana wanka, aka ce duk abin da ya faru mafarkin tsohuwar matarsa ne. Masu kallo sun yi ta tsaki, amma an yi.

Tunda na ambaci Dallas, shi ne ma mafi shaharar misalin yadda ake yanke zango a daidai inda ya ɗau zafi. A watan Maris na 1980 aka rufe zangon da harbin mugun attajirin shirin, J.R., ba a nuna wanda ya harbe shi ba. Jama'a suka yi wata takwas suna jira, yajin aikin 'yan wasa na shekarar ya ƙara ja da lokacin, har caca aka riƙa yi a kan amsar. Masu shirin suka ɗauki 'yan wasa daban-daban kowa yana harbin, don ko ma'aikatan wurin kada su san na gaskiyar. Ranar 21 ga Nuwamba 1980 aka bayyana, kimanin mutum miliyan 83 suka kalla a Amurka. Ba zan faɗi ko wane ne ba, kada in aikata abin da ake ƙorafi a kansa. Abin lura shi ne sirrin ya riƙu wata takwas, kuma da aka buɗe shi kusan kowa a dare ɗaya ya ji. Wanda bai kalla ba ranar ya san shi ya yi sake.

Yau ba a kallo tare, matsalar ke nan. Shiri ɗaya na Kannywood, wani ya gan shi a Arewa24 lokacin da ake haskawa, wani a YouTube minti kaɗan bayan an ɗora, wata tana jiran datar dare mai rahusa, wani an ɗauke wuta wayarsa ta mutu, wani sai jibi zai biya ta shagon masu turi a sa masa a waya, wata tana Jidda ko Kumasi agogonta daban. Dukkansu kuma suna cikin zauren WhatsApp ɗaya na dangi. Na ƙasashen waje ya fi muni. Kashin ƙarshe na Game of Thrones an nuna shi ranar Lahadi 19 ga Mayu 2019 da ƙarfe 9 na dare agogon New York, wato ƙarfe 2 na dare a Kano da Damagaram. Kafin mai aikin safe ya idar da sallar asuba intanet ta gama tattauna shi. Tun da Netflix ya saki kashi 13 na House of Cards a rana ɗaya a watan Fabrairun 2013 kuma, sai aka shiga wani sabon rikici, domin wani ya cinye zangon a kwana biyu, wani yana kashi na uku bayan wata guda. Masu bin shirye-shiryen Indiya da ake fassarawa su ma sun san nasu: yawanci an gama nuna su a can da daɗewa, labarin duka yana Wikipedia, wadda tun 2007 ta daina sa gargaɗi kafin ta zayyana ƙarshe.

Akwai kuma masu cin abinci da fasa ƙwan. Ƙananan tashoshin YouTube da shafukan TikTok sukan yanko minti biyu mafi zafi su ɗora da hoton gawa ko na amarya, da kanu mai cewa mutuwar wane ta girgiza masu kallo, domin dannawa ita ce kuɗinsu. Manhajar kuwa ta riga ta lura kina son shirin, don haka ke za ta fara kawo wa. Su kansu masu shiryawa ba su kuɓuta ba. Ɗan wasa ya ɗora hotonsa a wurin ɗauka sanye da kayan angwanci wata biyu kafin a zo wurin a labari, ko a ji sanarwar wata jaruma ta bar shiri, ko tallan "a mako mai zuwa" ya nuna abin da ya kamata a ɓoye. Wannan na ƙarshen yana ba ni haushi ƙwarai, domin gida ne ke yi wa kansa. Manyan kamfanoni ma abin yana kufce musu: a watan Afrilun 2015 kashi huɗu na farkon zango na biyar na Game of Thrones suka fita intanet daga kwafin da aka aika wa masu sharhi, a 2017 wani kashin ya fita ta Indiya har aka kama mutum huɗu, a watan Oktoban 2022 kuma kashin ƙarshe na zangon farko na House of the Dragon ya ɓulla kwanaki kaɗan kafin ranarsa.

To nauyin wa ne? A ganina raba shi ake yi, kuma lokaci ne ke raba shi. Kwanakin farko nauyin yana kan wanda ya kalla. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Ga shirin mako-mako, a yi haƙuri kwana biyu ko uku kafin a bayyana abin a fili. Ga kashin ƙarshe na zango, mako guda bai yi yawa ba. Ga zangon da aka saki duka lokaci ɗaya, a ba shi mako biyu ko fiye. Wannan ra'ayina ne, babu hukumar da ta yanka. Bayan nan nauyin ya koma kan wanda ya makara, domin ba za a hana jama'a hirar abin da suka ji daɗinsa har abada ba, hirar ma rabin daɗin ce. Wanda ya fara kallon shirin shekara biyar da suka wuce ba shi da bakin yi wa duniya faɗa. Amma ko tsohon shiri ne, idan kin san takamaiman mutum yana tsakiyarsa, tambaya ɗaya ta wadatar: "Kin kai ina?"

Wurin da aka yi maganar ma yana da muhimmanci. Rubutu mutum yana iya ganin farkonsa ya kauce, hoto kuwa kafin ki yi shawara ido ya riga ya gani. Shi ya sa hoto a status ko a zauren dangi ya fi komai ɓarna. Kuma wayon nan na "ba zan faɗa ba, amma ku tanadi hankici" ko jera fuskokin kuka a ƙarƙashin sunan jarumi, faɗa ne, an dai sa masa hula.

Ƙanwar mijinki ina kyautata zaton zumuɗi ne ya ɗebe ta, abin ya cika mata ciki tana neman abokin jimami, binciken kuma da kika tsare ta ne ta jawo shi ta kare kanta. Ba abin da za a ɓata zumunci a kansa ba ne. Ki gaya mata cikin raha cewa WhatsApp yana ba ta damar ware wasu mutane daga ganin abin da ta ɗora, ta sa ki a ciki duk ranar shiri. Idan kuna da yawa masu bi, ku buɗe zaure daban na waɗanda suka gama kallo, kowa ya shiga bayan ya kalla. A Telegram ma tun ƙarshen 2021 ana iya lulluɓe rubutu sai wanda ya taɓa shi ne zai gani.

Ta ɓangarenki, a WhatsApp ki ɓoye status ɗin waɗanda kika san bakinsu ba ya shiru, ki kashe ƙarar zaurukan, ki hana hotuna sauka da kansu, ki kuma kashe nuna saƙo a fuskar waya, don sau da yawa daga nan ake karanta abin tun ba a buɗe ba. A X, wato tsohuwar Twitter, ana toshe kalmomi na kwana ɗaya, ko 7, ko 30. TikTok ma yana da wurin tace kalmomi, Facebook kuma yana barin ki dakatar da ganin wani mutum ko shafi na kwana 30 ba tare da ya sani ba. Sai dai kada ki saki jiki da waɗannan. Ba sa ganin abin da ke cikin hoto, kuma rubutun Hausa a waya ba shi da tsari ɗaya: suna ɗaya wani zai rubuta Sumayya, wani Sumaiya, wani Sumayyah; wani ya ce ya mutu, wani ya rasu, wani ya riga mu gidan gaskiya, wani "Innalillahi" kawai zai sa da hoto. Ba ki iya toshe su duka.

Wurare biyu ne mutane ke kai kansu da ƙafarsu. Na farko Google: kina rubuta sunan jarumi don ki ga ko wane ne ɗan wasan, sai ya ƙarasa miki da kalmar mutuwa ko aure, saboda abin da dubban mutane suka nema ke nan. Kada ki nemi komai a kan shiri sai kin gama shi. Na biyu sharhin da ke ƙarƙashin bidiyon kansa a YouTube, wanda a waya na samansa yakan fito tun ba ki taɓa shi ba. Ki shiga tashar masu shirin kai tsaye maimakon shafin farko, ki danna kashin, ki kwantar da wayar hoton ya cika fuskarta nan take.

Ga mai aikin dare irinki, abin da ya fi duk waɗannan aiki shi ne ranar kashin ƙarshe sananniya ce tun mako guda kafin ta zo. Ki tanadi data da caji tun jajibiri. Idan kin tashi daga aiki, abu na farko da za ki yi da wayar shi ne sauke kashin, sannan ki kashe datar gaba ɗaya, ki yi barcinki, ki tashi ki kalla, sai a buɗe WhatsApp. Wanda ke da magana ta gaggawa zai kira.